Akwatin sa'a da munduwar Mario: inda kuɗi ke shiga cikin wasa, da abin da dokoki ke ƙoƙarin hanawa

A watan Janairun 2025 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, FTC, ta sasanta da kamfanin da ke rarraba wasan Genshin Impact. Kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 20, kuma zai daina sayar da akwatin sa'a, wato kayan cikin wasa da ake biya ba tare da an san abin da zai fito ba, ga duk yaron da bai kai shekara 16 ba, sai da yardar iyayensa. A watan Satumba na shekarar, shugaban Brazil Lula da Silva ya sa hannu a dokar kare yara a intanet, wadda ta haramta irin waɗannan akwatuna a wasannin da yara ke shiga. Uban da ya ji labarin a rediyo yana da hujjar tambaya: gem ɗin da yarona ya sauke kyauta a wayar mahaifiyarsa, ta ina tara ta shigo cikinsa, ta ina caca ta shigo?

Tsakanin waɗannan labarai biyu, ranar 22 ga Mayu, kamfanin Universal ya buɗe sabon wurin shaƙatawarsa mai suna Epic Universe a birnin Orlando na jihar Florida. A wani sashe na wurin, baƙo na ɗaura munduwa a hannu, yana dukan akwatuna yana tara tsabobi, wayarsa tana ƙirga masa maki. Wato filin lilo ya koma gem. Masu tsara wasan waya da masu tsara waɗannan wurare yanzu rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma sai an gane yadda suke ƙulla wasa kafin a gane abin da hukumomi ke faɗa a kansa.

## Yadda ake ƙulla wasa

Kowane wasan waya yana da ɗan gajeren zagaye da mai wasa zai yi ta maimaitawa: ka yi wani abu, wasan ya ba ka amsa nan take, ka samu lada, ka sake. A Candy Crush Saga, wanda kamfanin King ya fitar a 2012, zagayen bai wuce daƙiƙa biyu ba. Ka ja alawa ɗaya da yatsa, uku masu launi ɗaya su jeru, su fashe da ƙara mai daɗi, wasu su zubo daga sama. Wani lokaci zubowar ta haddasa wata fashewar da ba kai ka shirya ta ba, amma wasan ya yabe ka kamar kai ka yi. Mai tsara wasa yana kashe watanni a kan wannan daƙiƙa biyu, domin idan ba ta da daɗi, duk abin da aka ɗora a kanta banza ne.

Sama da wannan akwai zagaye mai tsawo: matakai, taswira, kyautar shiga kullum, gasar mako. Aikinsa shi ne ya dawo da kai gobe. A wannan sana'a ana auna wasa da yawan waɗanda suka dawo washegarin saukewa, da waɗanda suka dawo bayan kwana 7, da bayan kwana 30. Wasan da bai riƙe mutane ba, kamfani kan kashe shi tun yana matakin gwaji.

Sai kuma tsaiko na gangan. Candy Crush yana ba ka rai biyar. Duk faɗuwa ta ci ɗaya, kuma kowane rai sai ya yi minti 30 kafin ya dawo. Idan sun ƙare, ko ka jira, ko ka roƙi aboki, ko ka biya. A nan kuɗi ya shigo, kuma mai wasa ya san abin da yake saye: lokaci yake saye.

Akwai wani ilimi da ya girmi waya nesa ba kusa ba wanda ake yawan ambata a nan. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner na Amurka ya yi gwaje-gwaje da ɓeraye da tattabaru a tsakiyar ƙarni na 20. Ya lura cewa dabbar da ake ba abinci duk sanda ta danna maɓalli tana saurin haƙura idan aka yanke abincin, amma wadda ake ba wa jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe ba, ita ce ke nacewa. Ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi riƙe rai. Injinan caca a kan wannan suke tsaye, haka ma akwatin sa'a.

## Me ya sa kusan komai ya zama "kyauta"

Labarin Nintendo, kamfanin Japan mai wasannin Mario, ya isa misali. A Disambar 2016 kamfanin ya fitar da Super Mario Run a waya da tsohon tsari: ka ɗanɗana matakan farko, ka biya dala 9.99 sau ɗaya, wasan ya zama naka. An sauke shi sama da sau miliyan 200 cikin shekara guda, amma kamfanin da kansa ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. Wasansa na Fire Emblem Heroes, wanda ya fito a farkon 2017 da tsarin sa'a, bai samu masu saukewa kamar na Mario ba, amma ya kawo kuɗi ninkin-ba-ninki.

Darasin da kasuwa ta ɗauka ke nan. Mafi yawan masu buga gem na kyauta ba sa biyan ko sisi. Su talla ake nuna musu, kuma suna cika fili don wasan ya yi armashi. Kuɗin yana fitowa ne daga 'yan tsiraru masu kashewa da yawa, waɗanda 'yan sana'ar ke kira manyan kifaye, sunan da suka aro daga gidajen caca. Daga abin da aka samu, Apple da Google na yankar kasonsu, wanda a al'ada kashi 30 ne cikin ɗari, ko 15 ga ƙananan kamfanoni. Wasan da farashinsa dala goma ne ba zai taɓa karɓar fiye da goma daga mutum ɗaya ba. Wasan da ke sayar da sa'a kuwa ba shi da rufi.

## Mene ne akwatin sa'a

Akwatin sa'a shi ne duk abin da za ka biya a cikin wasa ba tare da ka san abin da zai fito maka ba. A wasu wasanni akwati ne a zahiri, a wasu fakitin katunan 'yan ƙwallo ne, a wasu ƙafa ce da ake juyawa. Mutanen Japan na kiransa gacha, daga injinan bakin titi da yara ke jefa wa tsaba, su murza, ƙwallon roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki.

A duba Genshin Impact da kyau. Jaruman da aka fi so su ne masu tauraro biyar. Damar samun ɗaya a kowane ja, wato gwada sa'a sau ɗaya, ita ce kashi 0.6 cikin ɗari, wato shida cikin dubu. Wasan ya yi alƙawarin cewa ba za ka wuce ja 90 ba tare da ka samu ɗaya ba. Sai dai wanda ya fito ɗin, rabi da rabi ne ya zama jarumin da ake tallatawa. Idan ba shi ba ne, na gaba lallai shi ne. Saboda haka mai rashin sa'a na iya kaiwa ja 180 kafin ya samu wanda ya gani a talla. Kowane ja yana cin duwatsun wasa 160, jimilla 28,800.

Nawa ne wannan a dala, balle a naira? Nan gizo ke saƙa. Da kuɗinka za ka sayi wani lu'ulu'u, ka canza shi zuwa duwatsu, ka canza duwatsun zuwa tikitin ja. Kafin a kai mataki na uku lissafi ya ɓace wa babba ma, balle ɗan shekara 12. Wannan hawa-hawan canjin kuɗi na cikin manyan abubuwan da FTC ta yi ƙorafi a kai, kuma sasantawar ta wajabta wa kamfanin bayyana ainihin farashi da ainihin damar samu. A gefe guda, gaskiya ne cewa ana iya tara duwatsun ta hanyar wasa kawai, kuma mutane da yawa suna buga shi shekaru ba su biya komai ba.

## Lilon da ya koma gem

Shekaru da dama, baƙo a wurin shaƙatawa ɗan kallo ne. Ya zauna, a ɗaure shi, a wuce da shi. Abin ya fara sauyawa a ƙarshen shekarun 1990. A 1998 Disney ta buɗe Buzz Lightyear's Space Ranger Spin a Florida, inda kowane mahayi ke da bindigar haske da allon maki a gabansa. A 2008 Toy Story Midway Mania ya zo da manyan allunan kwamfuta da tabarau, mota na tsayawa gaban kowane allo, mahaya na jan igiya suna harbi. A 2019 aka buɗe Smugglers Run, inda mutum shida ke shiga ɗakin tuƙin jirgin sama jannati, biyu matuƙa, biyu maharba, biyu injiniyoyi, kuma kuskuren matuƙi na girgiza kowa. A 2021 Web Slingers ya jefar da bindigar gaba ɗaya, kyamara ce ke bin motsin hannunka.

Wanda ya fi nuna haɗuwar sana'o'in biyu shi ne Super Nintendo World, sashen wuraren Universal da aka gina a kan wasannin Nintendo, da aka fara buɗewa a Osaka a Maris 2021, sannan Hollywood a Fabrairun 2023, sannan Orlando a cikin Epic Universe. A lilon Mario Kart, ana ba ka hula mai kama da ta Mario tun a layi. Idan ka zauna a motar mai cin mutum huɗu, sai ka maƙala wani gilashi a gaban hular. Ta cikinsa kana ganin ginin gaske da fitilu na gaske, a kansu kuma ga hotunan abokan tsere suna gilmawa. Inda ka juya kai nan ne saiti, maɓallan da ke jikin sitiyari kuma su ke harba ƙoƙon kunkuru. Sitiyarin ba ya sauya hanyar motar ko kaɗan, domin a kan dogo take tafiya. Idan kibiya ta nuna hagu ka murza hagu, tsabobi kake samu. Motar ma ba gudu take yi sosai ba, hoto da ƙara da iska ne ke sa jiki ya yarda ana tsere.

Wannan dabara ta sitiyarin da ba ya tuƙi tana nuna bambancin matsalolin da masu tsarawa ke fuskanta. Mai wasan waya yana da makonni ya koya maka wasa. Mai lilo yana da mintoci kaɗan, kuma a mota ɗaya yana iya samun kaka da jika da saurayin da ya ƙware a gem, ga shi ba lallai su ji yaren da ake bayani da shi ba. Dole kowa ya fito yana jin ya taɓuka wani abu. Kuma ba zai iya barin kowa ya tsayar da layi ba. A ɗauka mota mai mutum huɗu na tashi kowace daƙiƙa 10: mutum 1,440 ke nan a awa. Idan aka bar mahayi ya tsaya inda ya ga dama, ko ya sake gwadawa bayan ya faɗi, lissafin ya rushe, na baya su kwana a rana. Ga kuma ƙa'idojin tsaro, domin kuskure a waya sabunta manhaja ke gyara shi, kuskure a ƙarfe mai ɗauke da mutane kuwa rai ne. Shi ya sa zaɓin da ake ba mahayi kusan kullum a kan maki yake tsayawa, ba ya taɓa hanya.

Makin kuma ba ado ba ne. Wanda ya ga ƙaninsa ya fi shi maki zai so ya koma layi. Abin da mai wasan waya ke kira dawowa bayan kwana 7, shi ne mai wurin shaƙatawa ke nema da sunan sake ziyara.

## Inda suka haɗu, da inda suka rabu

A Super Nintendo World ana sayar da munduwa mai suna Power-Up Band, wadda ta kama kimanin dala 40 lokacin da aka buɗe na Hollywood, ban da kuɗin shiga. Ana haɗa ta da manhajar waya. Da ita ake dukan akwatunan da ke jikin bango a tara tsabobi, a buga ƙananan wasanni a samu makullai, idan sun kai uku a shiga fafatawar ƙarshe da Bowser Jr., ɗaya daga cikin abokan gabar Mario. Wanda ba shi da munduwa zai hau lilo, amma wani ɓangare na wurin a rufe yake gare shi. Duk wanda ya saba da wasan waya ya san wannan tsari: ka shigo, amma cikakken daɗin yana bayan wani biyan.

Sayen lokaci ma ya ƙetaro. Disney ta fito da FastPass a 1999, hanyar kama layi kyauta. A Oktoban 2021 ta maye gurbinsa da Genie+, wanda ya fara a dala 15 a rana a Florida, daga baya farashin ya koma hawa da sauka gwargwadon cunkoso. A Yulin 2024 aka sake masa suna da tsari zuwa Lightning Lane. Biyan kuɗi don tsallake layi ɗan'uwan biyan kuɗi ne don kada ka jira rai ya dawo a Candy Crush. Masu suka na cewa kamfanin da ke cin riba daga jira ba shi da dalilin rage jiran. Kamfanoni na cewa zaɓi ne, kuma wanda ya zo daga nesa da kwana ɗaya tal a hannunsa yana amfana.

Sai dai akwai bambanci babba. Mai sayen munduwa ya san farashinta, ya san abin da za ta buɗe masa, kuma sau ɗaya zai biya. Yana iya cewa ta yi tsada, amma bai yi cinikin biri a sama ba. Dokokin da ake ta kafawa ba su hana wasa ya ja hankali ba, ba su hana sayar da kaya a cikinsa ba. Inda suka sa ido shi ne wurin da kuɗin gaske ya haɗu da sa'a, da wurin da aka ɓoye farashi, da wurin da mai biyan yaro ne.

## Matsayin ƙasashe da na kamfanoni

Ƙasashe sun kasu kusan gida uku. Na farko masu hani. Japan ta fara a 2012, lokacin da ta hana wani nau'in gacha da ke tilasta tara cikakken jerin kaya kafin a ba da babbar kyauta, amma ta bar sauran. Beljiyam ta fi kowa nisa: a Afrilun 2018 hukumar cacarta ta ce akwatin da ake saye da kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Kamfanin wasanni na EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a can a farkon 2019, Nintendo kuma ta janye wasanninta biyu na waya daga ƙasar a shekarar. Amma binciken da Leon Xiao ya yi a 2022 ya gano cewa 82 cikin wasanni 100 mafi kawo kuɗi a iPhone a Beljiyam suna nan da akwatunansu. Kafa doka daban, bin diddigin dubban wasanni daban.

Na biyu masu cewa a bayyana gaskiya, mai saye ya zaɓa. Sin ta wajabta bayyana damar samu daga Mayun 2017. Apple ya sa wannan sharaɗi a kantinsa a ƙarshen 2017, Google a 2019, Koriya ta Kudu ta mayar da shi doka a Maris 2024. Wata biyu kafin nan, hukumar gasar kasuwanci ta Koriya ta ci tarar kamfanin Nexon won biliyan 11.6 na kuɗin Koriya saboda ya rage damar samun wasu kaya a MapleStory a ɓoye. Ostireliya ta bi ta hanyar shekaru: daga Satumban 2024, sabon wasa mai akwatin sa'a na kuɗi ana yi masa alamar cewa bai dace da 'yan ƙasa da 15 ba.

Na uku masu barin kamfanoni su tsare kansu. Gwamnatin Birtaniya ta ƙi shigar da akwatunan cikin dokar caca a 2022. A Holan, babbar kotun harkokin mulki ta soke tarar da aka ɗora wa EA a Maris 2022, tana ganin fakitin katunan FIFA ɓangare ne na wasan gwaninta.

Hujjar kamfanoni ita ce mai buɗe akwati kullum yana samun wani abu, kuma a ƙa'ida ba a mayar da abin kuɗi, saboda haka ba caca ba ce, ya fi kama da fakitin hotunan 'yan ƙwallo da yara ke saye. Suna ƙarawa da cewa kuɗin 'yan tsirarun ne ke sa miliyoyi su buga kyauta. Masu suka na amsawa cewa fakitin takarda ba ya bin yaro cikin ɗaki da tsakar dare, ba ya sanin lokacin da ya kusa haƙura, kuma ana sayar da asusun wasa a bayan fage da kuɗi na gaske. Binciken David Zendle da Paul Cairns na 2018 da wasu da suka biyo baya sun nuna alaƙa tsakanin yawan kashe kuɗi a akwatuna da matsalar caca. Abin da ake ci gaba da muhawara a kai shi ne wanne ke jawo wanne.

Girman kuɗin da ke cikin lamarin ya bayyana ranar 22 ga Disamba 2023, lokacin da hukumomin Sin suka fitar da daftarin dokar da za ta hana kyautar shiga kullum da wasu dabarun jawo biya. A yini ɗaya hannun jarin manyan kamfanonin wasanni na Sin ya faɗi: na Tencent da fiye da kashi 10, na NetEase da kusan kashi 25. Bayan kimanin wata guda aka sauke daftarin daga shafin hukumar.

## Abin da ya shafi mai waya a nan

Matashin da ke buga Free Fire ko PUBG Mobile ko eFootball a Kano ko Maraɗi yana cikin wannan tsari ɗaya, da daimon da UC da tsabobinsa, wato kuɗaɗen cikin waɗannan wasanni. Dokar Beljiyam ko ta Brazil ba ta kare shi, domin kamfanoni kan gyara wasa ƙasa-ƙasa. Abin da ya iso gare shi shi ne sharaɗin Apple da Google: damar samu tana rubuce a wani lungu na wasan, galibi bayan ɗan ƙaramin maɓalli a gefen akwatin, kuma yana da kyau a nema a karanta kafin a biya. Farashin kuma da dala ake gina shi, don haka duk faɗuwar naira ƙarin tsada ce.

A Najeriya, hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024 ya mayar da ikon tsara caca hannun jihohi, kuma a Kano Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024 ɗin. Shago yana da ƙofa da za a garƙame. Akwatin da ke cikin wasan yara ba shi da ita, kuma iyaye da yawa ba su san yana nan ba. Ga mai duba ta fuskar fiƙihu, tambayar ta shiga babin cinikin garari da na caca, kuma malamai ne za su yi bayaninta, amma sai an kwatanta musu yadda abin ke aiki dalla-dalla, tun daga canjin kuɗi har zuwa ja 180.

Ɓarnar da ta fi saurin aukuwa a gida ita ce katin banki da aka bari a maƙale a waya. Cikin dala miliyan 520 da Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya a Disambar 2022, miliyan 245 na mayar wa mutane kuɗinsu ne, saboda maɓallan da ke sa a yi saye bisa kuskure da kuma yaran da suka yi saye ba da sanin iyaye ba. Play Store da App Store duka suna da saitin da ke neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye, kuma Family Link na Google yana ba uba ko uwa damar amincewa da saye daga tasu wayar.

Matsin lamba yana sauya tsari a wasu wurare. Mario Kart Tour ya fito a waya a 2019 da bututun da ake biya a harba a ga abin da zai faɗo. A Oktoban 2022 Nintendo ta cire bututun na kuɗi, ta sa kanti mai farashi a rubuce. Sana'ar kuma tana matsowa yankin da mutanenmu ke yawan zuwa. A Maris 2025 kamfanin Scopely, mallakar Savvy Games na asusun zuba jarin Saudiyya, ya ƙulla cinikin sayen Pokémon Go da wasu wasannin kamfanin Niantic a kan dala biliyan 3.5, kuma a watan Mayu Disney ta sanar za a gina wurin shaƙatawarta a tsibirin Yas na Abu Dhabi.